Yadda ake neman kujerar Majalisar Dokokin Jiha, daga yankan fom zuwa takardar sakamako

Kujerar majalisar jiha ita ce takarar da ta fi kusa da ƙasa bayan ta kansila da ciyaman. Mai jefa maka ƙuri'a ya san gidanku, ya san mahaifinka, ya san ko ka zo jana'izar kawunsa. Shi ya sa dabarun da ake gani a takarar gwamna, irin su manyan alluna da jerin gwanon motoci, ba su cika yin aiki a nan ba. Ana cin wannan kujera ne rumfa bayan rumfa, kuma ana tsare ta da takarda. Wanda ya fi kowa yawan ƙuri'a shi ne ya ci, ko da ratar ƙuri'a goma ce, babu sharaɗin samun kashi ɗaya cikin huɗu a wurare kamar yadda ake nema ga gwamna.

A nan za mu riƙa cewa mazaɓa ga yankin da ɗan majalisa ke wakilta, gunduma ga yankin kansila, rumfa ko akwati ga wurin da ake jefa ƙuri'a. Wa'adodin da za mu ambata na Dokar Zaɓe ta 2022 ne, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita. Majalisar tarayya takan taɓa dokar kafin babban zaɓe, don haka aikinka na farko shi ne ka samo jadawalin da hukumar zaɓe INEC ta fitar na zaɓen da za ka shiga da dokar da ke aiki a lokacin, ka ba lauya ya karanta maka su layi-layi. Duk abin da muka ce "ka", ya haɗa da mace mai neman kujerar.

Duba kanka kafin wani ya duba ka

Sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole ka zama ɗan Najeriya, ka kai shekara 25, kana da ilimi aƙalla matakin takardar kammala sakandare ko makamancinta, kuma jam'iyya ce ta tsayar da kai. A da shekara 30 ne, gyaran da aka sa wa hannu a 2018 ya sauko da shi. Babu takarar indifenda. Sashe na 107 kuma ya jero abubuwan da ke hana mutum tsayawa, ciki har da hukuncin ɗauri kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekara goma da suka wuce, zama ɗan ƙungiyar asiri, da miƙa wa INEC takardar jabu. Ma'aikacin gwamnati dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Mai riƙe da muƙamin siyasa, kamar mai ba gwamna shawara, dokar 2022 ta ce ya sauka tun kafin zaɓen fidda gwani. Ka karɓi shaidar cewa an karɓi takardar ajiye aikinka, mai hatimi da kwanan wata, kuma kada ka ci gaba da taɓa albashin da ya shigo bayan nan.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu a wannan mataki shi ne suna. A takardar firamare an rubuta Sani Garba, a ta sakandare Muhammad Sani Garba, a katin zaɓe kuma an ƙara sunan gari. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, a kotu kuwa abokin hamayya zai ce mutum uku ne. A Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta soke nasarar zaɓaɓɓen gwamnan Bayelsa ana gobe rantsuwa, saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa. Ka baje duk takardunka a tabarma ɗaya: na haihuwa, na makaranta, katin zaɓe, katin jam'iyya, katin ɗan ƙasa. Duk inda suna ko ranar haihuwa ta saɓa, lauya ya gyara ta hanyar doka tun kafin ka cike fom EC9, wanda rantsuwa ce a kan bayananka. Kuma kada ka miƙa takardar digirin da ke da wata matsala alhali ta sakandare mai tsabta ta ishe ka.

San mazaɓarka da alƙaluma

Kowace majalisar jiha tana da kujeru tsakanin 24 da 40. Kano tana da 40 amma ƙananan hukumominta 44, shi ya sa wasu suka haɗa kujera ɗaya, kamar Bagwai da Shanono, ko Kura da Garun Malam. Katsina kujera 34 ce da ƙaramar hukuma 34. Kaduna tana da kujera 34 a ƙananan hukumomi 23, don haka wasu an raba su biyu. Wannan bambanci yana da tasiri. Inda ƙananan hukumomi biyu suka haɗa kujera, sau da yawa akwai yarjejeniyar karɓa-karɓa da ba a rubuta ba. In ba lokacin ɓangarenku ba ne, ka san da haka tun yanzu, ka yanke shawara ko za ka jira ko za ka ja da dattawa.

Sai ka nemo abu uku: jerin rumfunan mazaɓarka da yawan masu rajista a kowace, yawan waɗanda suka karɓi katinsu, da sakamakon zaɓuka biyu da suka wuce rumfa-rumfa. Na 2023 ana iya samun hotunan takardun sakamako da aka ɗora a shafin intanet na INEC mai suna IReV, sauran kuma tsofaffin ejan-ejan (wakilan jam'iyya a rumfa) da sakataren jam'iyya na ƙaramar hukuma sukan ajiye. Ka lura cewa a 2021 INEC ta ƙara yawan rumfuna zuwa 176,846 a ƙasa baki ɗaya, saboda haka wata rumfar ta 2019 ta haihu biyu ko uku.

Ga misalin lissafi. A ce mazaɓarka tana da gunduma 11, rumfa 200, masu rajista 120,000. In kashi 35 cikin 100 suka fito, ƙuri'a 42,000 ke nan. In manyan 'yan takara uku ne, mai 19,000 zai iya ci. Ka sa burin 21,000, ka raba shi a kan rumfuna 200, ya zama ƙuri'a 105 a kowace rumfa. To amma rumfuna ba ɗaya ba ne. Ka kasa su uku: namu, nasu, da na tsakiya. A namu aikin shi ne a fito da kowa, har tsohuwar da sai an ɗauko ta a babur. A nasu aikin shi ne rage rata, inda aka ba ku 20 a baya a nemi 50. Lokacinka da ƙafarka kuwa na tsakiya ne ya kamata su ci. Yawancin 'yan takara suna yin akasin haka, suna yini a unguwar da ake yi musu tafi, domin can ne zuciya ke samun sanyi.

Tikitin jam'iyya

A nan ne mafi yawan masu nema suke faɗuwa, jama'a ba su ma kai ga ganinsu ba. Ka tabbatar sunanka yana cikin rajistar jam'iyya ta gundumarka, domin dokar 2022 ta wajabta wa jam'iyya ta miƙa wa INEC rajistar 'ya'yanta kwana 30 kafin zaɓen fidda gwani. Wanda ya sauya sheƙa a makare yana iya samun tikiti a hannu, kotu ta ƙwace.

Fom yana da tsada gwargwadon jam'iyya. A 2022 APC ta sayar da na majalisar jiha naira miliyan 2, PDP kuma naira 600,000, kuma manyan jam'iyyu sukan yi rangwame ga mata, matasa da masu buƙata ta musamman. Ka biya ta banki da sunanka, ka ajiye rasit. Bayan fom akwai kwamitin tantancewa, ka je da ainihin takardunka da kwafi.

Dokar 2022 ta ba da hanya uku: 'yar tinƙe ta kai tsaye wadda duk mai katin jam'iyya ke zaɓe, wato ƙato bayan ƙato, zaɓen daliget, da sasanci. Kowace da shirinta. In ta daliget ce, yaƙin yana faruwa ne tun ranar da ake zaɓen daliget ɗin a gunduma, ba ranar fidda gwani ba. A 2022 APC ta yi amfani da biyar daga kowace gunduma, PDP uku, kuma doka ta hana masu muƙaman da a da suke daliget kai tsaye jefa ƙuri'a. A mazaɓa mai gunduma 11 ke nan mutum 55 ko 33 ne suka yanke hukunci. Wanda bai san sunan kowannensu da wanda yake jin maganarsa ba, bai shirya ba. In kai tsaye ce, rajista da katin jam'iyya ne makami, sai ka tabbatar magoya bayanka suna da kati kuma sun san wurin da za a yi layi da ƙarfe nawa. In sasanci ne, doka ta ce sai kowane mai nema da aka tantance ya rubuta amincewarsa ta janyewa. In ba ka sa hannu ba, babu sasanci.

Dole jam'iyya ta sanar da INEC kwana 21 kafin zaɓen fidda gwani, kuma jami'an INEC su halarta su rubuta rahoto. Kada ka raina wannan. A watan Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani a Zamfara ba, ta mayar da duk ƙuri'unta na banza. Gwamna, sanatoci, 'yan majalisar wakilai da 'yan majalisar jiha 24 duk suka rasa kujerunsu a rana ɗaya, alhali jama'a sun zaɓe su. Ka karɓi kwafin takardar sakamakon fidda gwani a wurin, ka nemi kwafin rahoton INEC mai hatimi. In an yi maka ba daidai ba, kwana 14 kacal kake da shi ka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya, ana ƙirgawa daga ranar da abin ya faru. Masu cewa "a bari dattawa su zauna" sau da yawa kwanakin nan suke so su ƙare.

In ka ci, kada ka kwana biyu ba ka je gidan waɗanda ka kayar ba. Ka je da kanka, da rana, tare da dattijon da suke jin nauyi. Ka ba mutanensu gurbi na gaskiya a kwamitin yaƙin neman zaɓe. Zagon ƙasa daga cikin gida ya fi adawar waje kayar da ɗan takarar majalisar jiha, domin mutum ɗaya mai fushi da ke riƙe da rumfa shida ya isa ya ci ratar da kake taƙama da ita. Sannan ka bi sunanka har ka gan shi a jerin da INEC ta liƙa.

Gina mutanen rumfa

Kwamitin sama ya zama ƙarami: darakta, mai riƙe kuɗi, lauya, shugabar mata, shugaban matasa, da mutum ɗaya mai kula da alƙaluma da takardu. Kada mai riƙe kuɗi ya zama shi ne mai rabawa kuma mai rubutawa. A kowace gunduma ka sa jagora namiji da jagora mace. A kowace rumfa kuma mutum biyar zuwa goma waɗanda a nan suke zaɓe, aƙalla rabinsu mata.

Yadda za ka gane na gaske shi ne littafi. Kowane ɗan rumfa a ba shi littafin makaranta mai shafi 40, ya rubuta mutum 20 zuwa 30 da ya ɗauki alkawarin fito da su: suna, gida, lambar waya in akwai, da ko katinsa yana hannunsa. Mai kula da alƙaluma ya zaɓi sunaye biyar daga kowane littafi ya kira ko ya aika a duba. Za ka tarar wasu littattafan an cika su ne a zaune a shagon mai shayi. Gara ka gano haka saura wata uku da ka gano shi daren ƙirga. Wannan littafi kuma shi zai nuna maka waɗanda suka yi rajista ba su karɓi kati ba. INEC takan sauko da rabon kati zuwa gundumomi na 'yan kwanaki, sai ka shirya abin hawa a kai mutane su karɓa da kansu. Kada ka tara katunan mutane a hannunka, laifi ne, kuma tun zuwan na'urar BVAS mai duba yatsa ko fuska katin wani ba ya yi wa kowa amfani.

Mata su ne suka fi jure layi, kuma ɗan takara namiji ba zai iya shiga gidajen aure ba. Don haka jagorar mata ba ado ba ce. A ba ta kasafinta a hannunta, kada ya bi ta hannun maza. Matan rumfa su ne za su shiga gida-gida, su halarci suna da biki, su nemi izinin maigida inda ake buƙata, su kuma koyar da dangwala.

Koyar da dangwala aiki ne na musamman. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunanka ko hotonka, alamar jam'iyya ce kawai da gajeren sunanta. Ka buga samfuri mai nuna alamar jam'iyyarka, a rubuta a jikinsa cewa samfuri ne. A nuna wa mutane su dangwala a cikin gurbin da ke gefen alamar ba tare da tawada ta tsallaka layi ba, su bari ta ɗan sha iska, su naɗe yadda ba za ta shafi wata jam'iyya ba. A yawancin jihohi rana ɗaya ake zaɓen gwamna da na majalisar jiha, takarda biyu ke nan. In jam'iyyarka tana da ɗan takarar gwamna mai farin jini, kiran "sak" zai ɗauke ka. In ba ta da shi, dole ka koya wa mutane bambanta takardun biyu, kuma wannan yana cin lokaci ninki biyu.

Fita neman ƙuri'a

Dokar 2022 ta ba da kwana 150 na kamfen a fili, a tsaya sa'a 24 kafin ranar zaɓe. A zaɓen 2023 na gwamnoni da majalisun jihohi an buɗe ranar 12 ga Oktoban 2022.

Fara da gaisuwa. Hakimi, dagatai, masu unguwanni, limamai, shugabannin kasuwa. Sarakuna iyayen kowa ne, kada ka nemi su ɗaga hannunka, kuma kada ka ɗauki hoton gaisuwa ka mayar da shi fosta. Doka ta hana kamfen a masallaci, coci, ofishin 'yan sanda da ofisoshin gwamnati, ta kuma hana zagi da kalaman da za su tunzura ƙabilanci ko addini. Kafin babban gangami a sanar da 'yan sanda a rubuce.

Zaman da ya fi amfani shi ne na mutum 20 zuwa 40 a ƙofar gida ko majalisar unguwa bayan la'asar ko bayan isha'i. Ka yi magana minti goma, ka saurara minti talatin, wani na gefe yana rubuta abin da aka faɗa. A karkara ka bi ranakun kasuwa, kuma ka tuna watannin farko na kamfen lokacin girbi ne, da safe ba za ka sami kowa a gari ba. Ƙauyukan da mota ba ta shiga su ne suka fi riƙe alkawari, domin ba kowa ke zuwa musu ba. Ka hau babur ka je. Zuwa da kai ya fi aike.

Game da alkawari, ka faɗi abin da ɗan majalisa ke iya yi. Aikinsa yin doka, amincewa da kasafin kuɗin jiha, bin diddigin ma'aikatu, da kai kukan mazaɓa zauren majalisa. Ba shi ke ba da kwangilar titi ba. Ka zaɓi abu uku da suka dami mazaɓar, ka san su ciki da waje. In asibitin gunduma ne, ka san ma'aikata nawa ne a ciki, ko akwai mai karɓar haihuwa da dare, da nisan babban asibiti mafi kusa. Mutumin da ya ji ka ambaci sunan gadar da ruwa ke cinyewa duk damina ya san ka taka wurin. Wanda ya yi alkawarin ɗaukar matasa dubu aiki kuwa, shekara huɗu zai yi yana ɓuya daga ƙofar gidansa.

Rediyo har yanzu tana da ƙarfi a ƙasar Hausa, musamman shirye-shiryen siyasa na dare. Sojojin baka suna iya ɗaga sunanka, suna kuma iya jawo maka gabar da ba ka nema ba, don haka ka gindaya musu sharaɗi: ba zagin iyaye, ba ƙazafi. A WhatsApp saƙon murya na minti ɗaya da muryarka ya fi dogon rubutu tafiya. Facebook yana da amfani wurin matasa da 'yan garin da ke zaune a birni, amma yawan masu yabo a can ba ƙuri'a ba ne, da yawansu ba ma a mazaɓar suke zaɓe ba. 'Yan jagaliya kuma ka nisance su tun farko. Yaron da ka saya wa ƙwaya ya raka ka gangami, ranar da ya sari wani sunanka za a kira, kuma rikici a rumfarka mai ƙarfi yana jawo a soke ƙuri'unka ne, ba na abokin hamayya ba.

Kuɗi

Dokar 2022 ta kayyade kashe kuɗin ɗan takarar majalisar jiha a naira miliyan 30. Ko nawa ne a hannunka, ka fara cire na ranar zaɓe ka kulle, kada a taɓa shi ko ana ruwan wuta. Lissafinsa mai sauƙi ne. A misalinmu na rumfa 200, in za ka sa ejan ɗaya da mataimaki ɗaya, mutum 400 ke nan. In kowanne zai sami naira 10,000 na abinci, kati da sufuri, miliyan 4 ta tafi, ban da ejan-ejan na cibiyoyin tattara sakamako, man motoci da babura, da lauya. Sannan ka ware na kotu. Abin da ya rage shi ne na kamfen, kuma a raba shi wata-wata, mafi yawa a makonni shida na ƙarshe. Masu kashe komai a fosta da buɗe ofis a watan farko su ne ake gani suna neman bashi ana jibi zaɓe. A 2023 canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, 'yan takara da yawa suka kasa sallamar ejan-ejan a ƙauyukan da babu sabis. Ka tsara yadda haƙƙin kowa zai isa hannunsa kwana biyu kafin zaɓe.

Sayen ƙuri'a, da kuɗi ne ko da taliya da atamfa, laifi ne mai tara ko ɗauri ga mai bayarwa da mai karɓa, kuma hujja ce a kotun zaɓe. Ban da haka, rijiya ce marar ƙasa: duk abin da ka bayar wani zai ɗora a kai, kuma rabin kayan a hannun 'yan tsakiya yake maƙalewa.

Ejan da ranar zaɓe

In akwai wuri ɗaya da bai kamata a yi kara ba, to zaɓen ejan ne. Ba a ba wa mutum don ɗan'uwa ne ko don ya daɗe yana bin ka. Ana son wanda ya iya karatu da lissafi, yake zaɓe a wannan rumfa, yake da waya mai kyamara, kuma ba ya jin tsoron magana a gaban manya. Jam'iyya ce ke miƙa sunayensu da hotunansu ga INEC, dokar 2022 ta ce aƙalla kwana 14 kafin zaɓe, jadawalin INEC kuma yakan rufe tun kafin haka. Ka bi wannan da kanka, domin a nan ne wasu shugabannin jam'iyya ke cusa sunayen yaransu, ranar zaɓe ka tarar mai ɗauke da katin ejan ɗinka ba naka ba ne.

A yi musu horo na yini guda, gunduma-gunduma, da samfurin EC8A, takardar sakamakon rumfa, a hannu. Abin da za a koya musu ke nan. Ya isa rumfa kafin ƙarfe 8, domin ana buɗewa 8:30. Ya ga an nuna akwati babu komai, ya ga BVAS tana nuna sifili kafin a fara tantancewa. Ya lura ana buga hatimi da sa hannu a bayan kowace takardar ƙuri'a. Ana rufe layi 2:30 na rana, amma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi zaɓe. In BVAS ta lalace, ya kira jagoran gunduma nan take, kada ya yarda a ci gaba ba tare da ita ba, domin doka ta ce in ba a kawo wata ba a ɗage zaɓen rumfar. Ba a neman ƙuri'a ko sa rigar jam'iyya a cikin mita 300 daga rumfa.

Wurin ƙirga ya tsaya kusa, ya duba kowace takardar da aka ce ta lalace. Yana da damar neman a sake ƙirge sau ɗaya. Kafin ya sa hannu ya duba abu uku: yawan waɗanda BVAS ta tantance, jimillar ƙuri'un da aka jefa har da lalatattu, da ko abin da aka rubuta da lamba ya dace da wanda aka rubuta da kalmomi. In ƙuri'u sun fi waɗanda aka tantance yawa, aringizo ke nan, za a soke rumfar gaba ɗaya. Saboda haka ko mutanenka ne suka so ƙara maka a rumfarka, ejan ya hana, don ƙuri'a biyar ta ƙari tana iya jawo asarar 300 na halak. Ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hotonsa sarai, ya tura, ya ga jami'in zaɓe ya ɗauki hoton takardar da BVAS, sannan ya raka akwati har cibiyar gunduma. Ƙin sa hannu ba ya soke sakamako, don haka ficewa cikin fushi ba ta da amfani, asarar kwafi kawai take jawowa. Kuma kada ya bar rumfa don cin abinci, a kai masa. Lokacin salla mataimaki ya tsaya.

A gida ko ofis ka zaunar da mutum uku ko huɗu da kwamfuta ko babbar takarda mai jerin rumfuna 200, suna shigar da alƙaluma yadda hotuna ke shigowa. Kafin a gama tattarawa a gunduma, inda ake cike EC8B, takardar sakamakon gunduma, ya kamata ejan ɗinka na can ya riga ya san jimillar da yake jira. Yawancin canjin alƙaluma tsakanin rumfa da cibiyar tattarawa yake faruwa, cikin dare, lokacin da magoya baya suka tafi murna. Ka hana murna har baturen zaɓe ya bayyana sakamako. A cibiyoyin tattarawa ka sa mutanenka mafi ilimi da natsuwa, da fitila da abin cajin waya.

In ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke ko ba a yi zaɓe ba, za a ce zaɓe bai kammala ba, a sake a waɗannan rumfuna. A 2023 an yi babban zaɓen ranar 18 ga Maris, na cike gurbi kuma 15 ga Afrilu. Wannan wani dalili ne na rage wani abu a asusu.

Bayan an bayyana sakamako

Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 daga ranar bayyanawa ya shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, kuma ba a ƙara ko yini ɗaya. Kotun tana da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kwana 60. Shari'ar kujerar majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. 'Yan majalisar jihar Filato 16 na PDP da wannan kotu ta cire a ƙarshen 2023 ba su sami inda za su kai kuka ba, ko da yake daga baya Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da irin hujjar da aka cire su da ita a shari'ar gwamnan jihar.

Ko ka ci ko ka faɗi, washegari ka tattara duk kwafin EC8A na asali daga hannun ejan-ejan, a jera su gunduma-gunduma, a ajiye a wuri mai makulli. Lauya ya rubuta wa INEC neman kwafi mai hatimi na takardun sakamako, rajistar masu zaɓe da rahoton BVAS a makon farko, domin fitar da su yana ɗaukar lokaci. Bayanan shaidu a rubuce tare da takardar ƙara ake shigar da su, kuma kotu ta fi karɓar shaidar wanda ya tsaya a rumfar da kansa, ba jagoran da aka ba labari ta waya ba. Don haka a zauna da kowane ejan na rumfunan da ake da ƙorafi cikin kwana uku ko huɗu, tun bai manta ƙarfe nawa abu ya faru da wanda ya yi shi ba, a rubuta, ya karanta, ya sa hannu. A biya su cikon haƙƙinsu kafin a kira su wannan zama.